Nasiha Ga Wanda Ya Gaji Tsohuwar Bindiga

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, ya kuma ɗora masa hisabin abin da ya aikata da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku samarin Madawa da Buza da Keita, da na sauran garuruwan da ke tsakanin duwatsun Adar da fadamun Majiya da Tarka, ina so in yi muku magana a kan wani abu da yakan faɗo hannun ɗayanku ba tare da ya nema ba. Sau da yawa idan dattijo ya riga mu gidan gaskiya, aka yi addu'ar bakwai, aka buɗe ɗakinsa domin a ƙididdige tarikarsa, to a cikin abin da za a fitar, bayan Alƙur'ani da gafakarsa, da takobi, da akwatin tufafi, akan zaro wani dogon abu naɗe cikin tsumma daga tsakanin azara ko daga gindin rufewa, a warware, sai ga tsohuwar bindigar soja wadda ta girmi duk wanda ke tsaye a wurin. A wannan sa'a zuciyar saurayi takan raya masa ɗayan abu uku: ko ya goge ta har ta yi walƙiya, ko ya fita bayan gari ya gwada ko tana tashi, ko ya nemi dillali ya karɓi abin da ya samu. Dukkan ukun nan hasara ne, na tsakiyar kuwa yana iya zama sanadin rai. Abin da nake kira gare shi shi ne ku ɗauki wannan ƙarfe a matsayin amana da shaida a kan zamanin da ya shuɗe, ku san cewa mafi alherin gyaran da za a yi masa shi ne mafi ƙanƙanta, kuma ba a fara komai sai an tabbatar da lafiyar mutane da yardar hukuma.

Ya kamata ku fara sanin hanyar da waɗannan bindigogi suka bi suka iso ƙasarmu, domin wanda bai san asalin abu ba ba zai iya yi masa ƙima ba. Kakanninmu sun san bindigar toka tun kafin zuwan Nasara, wadda ake ɗurawa ta baki, fatake suna kawo ta daga bakin teku ko daga Tarabulus. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Brussels, suka hana sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, suka bar musu irin ta toka kawai, saboda haka lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa Lugu ta Sarauniya Mangu a watan Afrilu na 1899, ta kuma ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu, bambancin makami tsakanin ɓangarorin biyu ya kai matuƙa. A 1901 Faransawa suka gwabza da Kel Geres a Zangebe da Galma, nan kusa da Madawa, suka rinjaye su. A 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato, sai makamansu su ma suka zama maƙwabtanmu ta kudu. A 1916 Firhun ya ɗaga tutar tawaye a yamma, a ƙarshen shekarar kuma Kawusan ya kewaye barikin Agadas har zuwa watan Maris na 1917, yana riƙe da bindigogin da suka fito ta hannun Sanusiyya, da yawansu ganima ce daga sojan Italiya a Libiya. Bayan wannan sai zamanin gardawan kwamanda da 'yan raƙuma masu sintiri, da mazan jiya waɗanda aka ɗiba zuwa yaƙin 1914 da na 1939, da Indocin da Aljeriya. Kowane ɗaya daga waɗannan zamuna ya bar ƙarfensa a ƙasar nan, kuma wadda kuka tarar a ɗakin kakanku ta fito ne daga ɗayansu.

Wajibi na farko, wanda ya gabaci tarihi da ƙima da komai, shi ne ku ƙaddara cewa a ɗure take, ko da duk gidan sun rantse muku cewa tun zamanin Jori Hamani ba a sa mata komai ba. Albarushi ba ya mutuwa da tsufa matuƙar bai jiƙe ba, kuma mutanen da sukan ajiye bindiga da ɗurinta saboda tsoron farmakin dare. Ku kawar da yara da mata daga wurin, ku juya bakinta zuwa ƙasa mai taushi ko bango mai kauri wanda babu kowa a bayansa, kada yatsa ya kusanci kunama. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, kuma malamai sun bayyana cewa hanin ya haɗa da wasa. In ta toka ce, akan san halinta ta hanyar zura siririyar sanda a bututun a hankali har ta tsaya, a yi mata alama, a fitar a gwada ta waje: in ta gaza tsawon bututun da yatsu biyu ko uku, to akwai abu a ciki. In mai sakata ce, sai a ja sakatar baya a duba mazaunin harsashi da ido. A nan akwai tarko guda da ya kamata ku sani: irin wadda ake kira Lebel tana da wani bututu na biyu ɓoye cikin icen da ke ƙarƙashin na harbi, wanda ke cin harsashi 8 jere da juna, saboda haka mazaunin yana iya zama fayau alhali cikinta cike yake. Idan kuwa sakatar ta cije saboda tsatsa, to haram ne a gare ku ku buga ta da guduma, ko ku kai ta maƙera a sa mata wuta don ta saki. Ku ajiye ta yadda take, ku kira wanda aikinsa ke nan.

Wannan ya kawo mu ga wajibi na biyu, watau sanar da hukuma. A ƙasar Nijar ba a riƙe bindiga sai da izini rubutacce, kuma takardar da aka bai wa kakanku, in ma an ba shi, da sunansa aka rubuta ta, ba ta zama taku don kun gaji ƙarfen. Tun 1994 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman mai tattara haramtattun makamai da sa ido a kansu, kuma a ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a domin shaida cewa an ajiye tawaye. Ku kuma kun fi ni sanin halin da ƙauyukan bakin iyaka suke ciki a kudancin Madawa, inda ɓarayin shanu da masu satar mutane suka hana talaka barci, har ya zama duk wanda aka samu da bindiga a ɓoye, kome tsufanta, ba shi da bakin da zai wanke kansa. Hanya madaidaiciya ita ce babban gida ya tafi wurin maigari ko sarki ya faɗa masa, su kuma su isar da maganar ga jandarma, a zo a gani a inda take. Kada ku ɗaura ta a bayan babur ku nufi gari da ita da sunan za ku kai rahoto. Abin da hukuma ta yanke, ko ta karɓa, ko ta kashe ta ta yadda ba za ta ƙara tashi ba ta bar muku, ko ta ba da izini, shi za ku bi. Duk abin da zan faɗa nan gaba yana bayan wannan sharaɗi ne.

To, idan an amince babu komai a cikinta, hukuma kuma ta sani, sai a zo ga karatu, domin bindigar soja rubutacciya ce, masu ƙera ta sun buga mata suna da shekara da lamba. Ku shimfiɗa tabarma a inuwa mai haske, ku ɗora ta a kai, ku ɗiga ɗan mai a gefen hagu na ƙarfen da sakata ke gudu a cikinsa, ku shafa da yatsa ta cikin ƙyalle, ku karkata ta yadda hasken zai zo ta gefe. A hankali za ku ga siraran haruffa masu lanƙwasa suna fitowa daga ƙarƙashin dauɗar shekaru, suna faɗin gidan da aka ƙera ta, wanda a bindigogin Faransa galibi ɗayan uku ne: Saint-Étienne, ko Châtellerault, ko Tulle. Kusa da nan akwai haruffa "Mle" da shekara. Wannan shekarar ta samfurin ce, watau lokacin da sojan Faransa suka karɓi irin wannan ƙira. Shekarar da aka ƙera taku ita kanta tana kan gindin bututu, tare da harafi guda mai nuna gidan ƙirar. Sa'an nan ku nemi lambarta a kan bututu, da kan sakata, da jikin ice, ku gwada ko sun dace da juna, gama in sun dace to gaɓoɓinta na asali ne tun fitowarta, in sun saɓa kuwa an yi mata haɗe-haɗe a bariki ko a maƙera. A kumatun ƙotar kuma, in ba a kankare ba, akan sami wani zagayayyen hatimi da aka danna a icen, ɗauke da wata da shekarar da aka karɓe ta.

Ga alamomin da za ku rarrabe su da su. Mai shekarar 1874 ita ce Gras: doguwa ce, kamar mita 1 da santimita 30, nauyinta ya ɗara kilo 4, tana cin harsashi ɗaya tak mai kaurin milimita 11, da baƙin albarushi mai hayaƙi take aiki, kuma bayan soja sun daina aiki da ita an sayar da ɗimbinta, an ƙwaƙule cikin bututun wasu an mai da su na farauta. Mai 1886 ita ce Lebel, ta milimita 8, wadda ita ce bindigar soja ta farko a duniya da ta yi aiki da albarushi marar hayaƙi, wanda wani masani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya gano a 1884; icenta gida biyu ne, ƙarfe ya raba tsakaninsu. Gajeruwa wadda ba ta cika mita ɗaya ba, mai ɗan tumbi a gaban kunama, ita ce Berthier ta 1892, mai cin harsashi 3, irin wadda aka fi gani a kafaɗar gardawa da masu raƙuma. Tana da doguwar 'yar'uwa ta 1907 wadda aka ƙera musamman domin sojan Afirka ta Yamma. MAS 36 kuwa ta baya-bayan nan ce, hannun sakatarta ya karkata gaba, tana cin 5. In kun ga kambin sarauta da wata alama mai kama da kan kibiya, to ta Ingila ce, ta kudu ta shigo. In kun ga sunan Terni ko Brescia, ta Italiya ce, kuma mai yiwuwa ne ta ratso Sahara.

Amfanin wannan karatu shi ne ya ba ku ma'aunin da za ku auna riwayar gida da shi, kamar yadda malaman hadisi suke duba shekarar haihuwar mai ruwaya da shekarar rasuwar malaminsa kafin su yarda cewa ya ji daga gare shi. Idan an ce muku da wannan bindiga aka yi yaƙin Galma, kuka duba bututunta kuka ga 1917, to labarin yana iya zama gaskiya, amma na wata bindiga ce da ta riga ta ɓace. Idan an ce ta ga zamanin Kawusan alhali MAS 36 ce, wannan mustahili ne, don an ƙera ta bayan shekara ashirin da wancan yaƙi. Haka nan in an ce kaka ya dawo da ita daga yaƙin Jamus, sai ku yi bincike da ladabi, domin al'adar soja ita ce wanda aka sallama ya miƙa makaminsa kafin ya kama hanyar gida, kuma ya fi yiwuwa ya same ta daga baya, ko ta hanyar aikin gardi, ko kyautar kwamanda ga basarake, ko saye. Tahkiki irin wannan ba ya rage darajar magabata da komai. Ƙarya ce ke rage ta, ranar da wani masani ya zo ya karanta abin da ke jikin ƙarfen a gaban jama'a.

Game da ƙimarta ta kuɗi, gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu don kada dillali ya ruɗe ku, ko ku ruɗi kanku. Waɗannan bindigogi an ƙera su da yawan gaske, Lebel kaɗai ta haura miliyan biyu, kuma a Turai akwai dubbai waɗanda ba su taɓa ganin gara ko ƙurar hunturu ba. Saboda haka wadda ta yi shekara ɗari a cikin azara ba za ta sayi gona ba, kuma fitar da ita ƙetaren iyaka laifi ne mai kai mutum kurkuku. Abin da taku ta fi waɗancan da shi shi ne abin da ƙasar nan ta ƙara mata: jar fatar da baduku ya naɗe wuyan ƙotar da ita, da ƙusoshin farin ƙarfe da aka jera don ado, da layar da aka ɗinke a jikin maratayi, da wayar gaci da wani maƙerin Buzaye ya ɗaure tsaguwar ice da ita, zagaye bisa zagaye, ba wanda ya hau wani. Masu jahiltar al'amari sukan ɓamɓare waɗannan wai don su mai da ita yadda ta fito daga Faransa, alhali kuwa su ne hujjar cewa ta zauna a Adar, ta shiga hannun mutanenmu.

Yanzu sai maganar gyara, kuma ƙa'idarsa guda ce: kada ku aikata abin da ba za a iya warware shi ba. Na ga wata Gras a hannun wani yaro mai ƙwazo da kyakkyawar niyya, wanda ya kwana biyu yana bin ta da magagari da samfefa, ya wanke ta da ruwan batir, ya shafe icen da fenti mai ƙyalli, ya kawo ta yana murna tana walƙiya. Da muka nemi sunan gidan ƙira sai muka tarar da ɗan kwari mai santsi a wurin, shekarar bututun saura lamba biyu, hatimin ƙota kuwa ya tafi gaba ɗaya. Abin da shekara ɗari da ɗoriya ba su iya shafewa ba, hannunsa ya shafe, kuma babu maƙerin da zai mayar.

Ku sani tsatsa iri biyu ce. Akwai baƙa-baƙa mai santsi wadda ta kwanta a jikin ƙarfe ta zama kamar fatarsa. Wannan ta daina ci, tana ma kare abin da ke ƙarƙashinta, sai a bar ta. Akwai kuma ja mai gari, wadda ke kama yatsa in an taɓa, ita ce mai rai, ita ake yaƙa. Maganinta man keken ɗinki ne da haƙuri: a ɗiga a wurin, a bari ya kwana biyu ko uku, sa'an nan a kankara a hankali da gefen ɗan guntun jan ƙarfe ko gaci, waɗanda sun fi tsatsa tauri amma sun fi ƙarfen bindiga taushi, a share da tsumma mai tsabta, a maimaita har jan ya daina fitowa. Kada ku kusance ta da toka da yashi irin na wanke tukunya, ko lemun tsami, ko tsamiya. Kada kuma ku shafa mata man gyaɗa ko man shanu, gama suna daskarewa su yi ɗanko, su kira ƙura da kiyashi. Baƙin man mota shi ma yana ɗauke da dattin inji, in ya shiga ice kuwa sai ya baƙanta shi ya rubar da shi. Cikin bututu a zura ƙyalle mai ɗan mai da igiya, daga gindi zuwa baki, har ya fito da tsabta. Idan ƙarfe ya yi fes, sai a share man a shafa kakin zuma siriri, wanda ba ya kama ƙura.

Ice kuwa ba ya son wanka. A goge shi da ƙyallen da aka jiƙa aka matse sarai, da ɗan sabulu kaɗan in dauɗar ta yi kauri, a shanya a inuwa, sa'an nan a bi shi da kakin zuma. Tabon da ke jikinsa, da wurin da tafin hannu ya sa ya yi duhu ya yi sulɓi, a bar su. In kun ga ƙananan huji da gari mai laushi yana zuba, to ƙwaro na ciki, sai a ware ta daga sauran kayan ice a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi. Tsaguwa ba a buga mata ƙusa, domin ƙusa tana ƙara tsaga ta, ta kuma yi tsatsa a ciki. A ɗaure da zare mai taushi har a sami gwani. Ƙusoshi masu murɗi da suka ƙi kwancewa a ɗiga musu kananzir a jira, kuma kada a sa musu abin kwancewa sai wanda bakinsa ya cika tsagar daidai, in ba haka ba kan ya lalace. In sun ƙi, ku ƙyale su, babu wata larura da ta tilasta a warwatsa bindigar da ba za a harba ba. Abin da ya karye ya faɗo, ko ɗan guntun fata ne, a sa shi a ambulan a rubuta daga inda ya fito. Maƙeranmu mutane ne masu fasaha, ina girmama su ƙwarai, amma sana'arsu ita ce su sa abu ya yi aiki, saboda haka in kun kai musu za su yi walda, su sauya gaɓa, su gyara kunama, kuma wannan shi ne ainihin abin da ba a so a nan.

Ina ƙara jaddada muku, don Allah, kada ku harba ta, ko sau ɗaya, ko ranar Salla, ko ranar naɗin sarauta. Tsatsar da ke cikin bututu takan ci rami a inda ido ba ya kaiwa, harsasan wancan zamani kuma suna barin wani gishiri mai jawo laima wanda ya yi shekaru yana aikinsa a ɓoye. Wadda aka yi don baƙin albarushi ba ta jure ƙarfin na zamani, wadda aka ƙwaƙule cikinta kuwa bangonta ya riga ya yi siriri. Idan ta fashe, sakatar tana kusa da idon mai harbi, hannunsa na hagu kuma yana riƙe da wurin da zai tsage. Tsofaffin harsasai da kuka tarar tare da ita su ma ba abin wasa ba ne, wani yakan yi jinkiri ya tashi bayan an ɗauka ya mutu. Kada a jefa su wuta, kada a fasa su, a miƙa su ga jandarma gaba ɗaya. 'Yan bindigar sarki da kuke gani a hawan Salla suna da nasu kayan da nasu sani da suka gada, wannan wani babi ne daban.

Ajiyarta kuma sai ta bi yanayin ƙasarmu. Babban abokin gabarta shi ne damina, lokacin da bangon ƙasa ke shan ruwa, gara kuma ke hawa. Kada gindinta ya taɓa daɓe, kada jikinta ya jingina da bango; a kafa turaku biyu na ice a naɗe su da ƙyalle, a ɗora ta a kwance, nesa da inda rufi ke yoyo, a ɗakin da ake kullewa wanda yara ba su shiga. Kada a naɗe ta a leda, domin leda tana tsare gumi a ciki, haka bargo da gidan fata; farin ƙyallen auduga wankakke ya isa ya tare ƙura. Kada kuma a bar ta a ƙarƙashin kwano a tsakiyar bazara, inda zafi zai busar da icen ya tsage. Ku sanya mata lokaci biyu a shekara: kafin saukar ruwan fari, da bayan an gama girbin hatsi. A kowanne a sauko da ita, a duba ko ja ya fito, a share, a sabunta kaki. Duk wanda ya taɓa ƙarfen da hannu a bi wurin da ƙyalle, saboda gishirin zufa yana barin zanen yatsa wanda ba ya fita. Ku ɗauki hotonta da wayarku domin ajiya, kowane rubutu da kowace lamba, amma kada ku riƙe ta ku yi hoto ku watsa a Facebook ko WhatsApp, don wannan gayyatar ɓarawo ce da tuhumar hukuma a lokaci guda.

Sauran aiki mafi girma, wanda ya fi gaggawa a kan tsatsa, shi ne rubuta labarinta, domin ƙarfe yana iya jiran baɗi, amma tsohuwar da ta san wanda ya riƙe shi ba ta da tabbacin kaiwa. Ku sayi littafi, ku zauna gaban gwaggo da kawu da tsofaffin unguwa, ku gaishe su yadda ya kamata, ku tambaya: wa ya fara kawo ta gidan nan, a zamanin wane sarki, wane kwamanda, kafin wace yunwa ko bayanta? Ku rubuta sunan wanda ya faɗa da wanda shi ya ji daga gare shi, da boko ko da ajami, ku haɗa da takardun soja na marigayi in akwai, da lambobin girmansa, da tsohuwar takardar izini. Kuma ku rubuta abin da kuka ji ko da mai ɗaci ne. Mai yiwuwa ne wannan bindiga ta tsare ayari daga mahara, mai yiwuwa kuma ita ce aka tasa talakawa da ita zuwa aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, ko aka karɓi haraji da ita a shekarar da rumbuna suke wayam. Hisabin magabata yana wurin Ubangijinsu, mu abin da ke kanmu shi ne mu nema musu gafara mu kuma faɗi gaskiya, don na baya su san farashin zaman lafiyar da suke ciki.

Daga ƙarshe, tun da bindiga ba ta rabuwa kashi-kashi kamar garke ko gona, ya kamata magada su zauna da malamin da ke raba musu gado su yi ittifaƙi a kanta, kada ƙarfen da ba shi da wani kuɗi ya raba zumunci. In hukuma ta bar muku ita, ku zaɓi mutum guda mai hankali da natsuwa ya riƙe ta a madadin zuriya, a rubuta, a sa shaidu. In kuwa kun ga ba ku da wurin da ya dace, ko kuna tsoron abin da zai biyo baya, to babu aibi ko kaɗan ku nemi a kai ta gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa tun 1959, tare da kwafen littafin da kuka rubuta, inda ɗalibai za su gan ta da sunan gidanku a gefenta. Wanda ya yi haka ya sauke amana, ya tsare ransa da na 'yan'uwansa, ya kuma bar wa masu binciken tarihin Adar da Gobir abin da za su dogara da shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, ya shirye ku ya yi muku albarka, ya sa kada ɗayanku ya buƙaci makami har abada. Amin.